Ƙyallen Guruji da Hannun Hirabai

Shekara goma sha ɗaya Hirabai Londhe tana share lambun wata unguwa a birnin Pune, kuma kusan duk tsawon shekarun nan abu ɗaya take so daga mutanen da take kwashe wa ƙazanta: su ba ta wuri a sahunsu. Faɗin tabarma ɗaya kawai take nema, a kan ciyawar nan da masu yoga su talatin da 'yan kai suke jeruwa kowace safiya a gaban malaminsu, Guruji Datar.

Gadon tsintsiyar ta yi. Mijinta Dattu ya yi shekara ashirin yana shiga kwatamin gari da ɗan kamfai da igiya a ƙugu, da ciwon ƙirji ya gama da shi sai hukumar gari ta ba matarsa aiki a madadinsa, kamar yadda ake yi wa iyalan masu shara. Daga wani ƙauye wajen Solapur aka kawo ta birni tana amarya. Yanzu ta ba hamsin baya, 'yarta tana aure a Nashik, ɗanta yana tuƙa keke mai ƙafa uku, ita kuma tana zaune a ɗaki ɗaya a hawa na uku, a gidan da famfo ba ya hawa sama. A shekararta ta biyu da fara shara ƙura ta sa mata asma.

Wani likita ne a asibitin gwamnati, wanda ko ɗago kai bai yi ya dube ta ba, ya ce mata, "Maushi, magani kaɗai ba zai yi miki ba. Ki koyi numfashi. Ga masu yoga nan cike da gari."

Maushi suke ce wa duk macen da ke yi musu aiki, wato inna, ko da ta girme su ko sun girme ta. Hirabai ta dawo tana jin haushin maganar, wai mace mai jikoki ce za a koya wa numfashi. Amma washegari da kakarin ya tsayar da ita a tsakiyar aiki, sai ta jingina da tsamiyar da ke gefen lambun, ta soma kallon masu yogan da idon da ba ta taɓa kallonsu da shi ba.

Tun daga ranar take zuwa da sassafe ta gama sharar ciyawa kafin su iso, sannan ta shimfiɗa tsohon buhun shinkafa a bayan tsamiya ta kwaikwayi abin da ta hango. In suka ɗaga hannu ta ɗaga, in suka sunkuya ta sunkuya, ta soke haɓar sarinta, dogon zanen da take naɗawa, a ƙugu ta tsaya da ƙafa ɗaya har gwiwarta ta daina rawa. Abin ya karɓe ta, wannan kam babu musu. Takan hau bene uku da tulu biyu ba ta zauna a hanya ba. Ranar da ɗanta ya shigo a buge yana zage-zage, zama ta yi ta naɗe ƙafa tana ja tana saki har ya gaji ya kwanta. Da asma ta taso mata a cikin bas, abin shaƙarta kuma yana gida, da wannan ja da sakin ta kai kanta tasha.

Sai dai rabin karatu take samu. Daga bayan tsamiya bayan mutane take gani, ƙarar motoci kuma tana cinye muryar Guruji. Ta san ana toshe hanci ɗaya da babban yatsan hannun dama a ja iska ta ɗayan, amma sau nawa, a riƙe har yaushe, me ake yi idan kai ya ɗauki jiri, duk wannan tsinta take yi in iska ta kaɗo mata kalma biyu. Wurin da take nema ke nan, inda kunne zai ji.

Ranar Lahadi ce ranar wankin ciki, kuma duk wanda bai ga wannan ba bai san abin da Hirabai take haƙuri da shi ba. Manyan mutane ne fa, tsofaffin injiniyoyi da matan likitoci, su zo da 'yan butocin tagulla, su tsuguna a jere bakin furanni, su zuba ruwan gishiri ta hanci ɗaya ya fito ta ɗayan da majina. Waɗanda suka yi nisa a karatu kuwa kofi shida na ruwan ɗumi suke ɗurawa cikinsu, su cusa yatsu a maƙogwaro su amayar da shi a gindin furen wardi. Sai su miƙe suna goge baki, fuska tana sheƙi, suna gaya wa juna yadda suka ji jikinsu sakayau. Su hau motocinsu su tafi a tsarkake, su bar wa Hirabai yauƙi da kumfa da ƙudaje. Ita ce za ta kawo toka da bokiti tana ɗauke numfashi, ranar kuwa ko gurasar dawar da ta ƙunso ba ta iya ci sai rana ta yi tsaka.

Mutanen nan da ke amai a bainar jama'a su ne kuma suka fi kowa tsoron yawu. Duk abin da miyau ya taɓa ya zama ushta, ba a ci, ba a sha, ba a taɓa shi sai an wanke hannu. Ruwa ma daga sama suke tsiyaya shi cikin baki don kada leɓe ya taɓa kofi. In sun raba shayi bayan darasi, akwai wani kofi mai ɓantararren baki da ke maƙale a reshen tsamiya, shi ne na masu shara, don a wurinsu duk abin da mai shara ya taɓa ya ƙazantu. Phadke Kaku, wato gwaggo Phadke, matar da ta fi kowa daɗewa a ajin, ita ke tsiyaya musu daga nesa, tana murmushin mai yin alheri.

Kowace shekara, ranar girmama malamai, Hirabai takan sayo kwakwa da furanni ta ajiye a ƙasa taku uku daga ƙafar Guruji, ta haɗa tafuka ta ce, "Guruji, maganar wurin nan."

Guruji Datar tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, siriri, mai farin gemu da ke shan mai kullum. Ba ya taɓa cewa a'a, shi ya sa abin ya fi ciwo. Yakan lumshe ido ya ce, "Yoga ta kowa ce, Maushi. Iska ba ta san gidan kowa ba. Bari damina ta wuce."

Damina ta wuce, ya ce bayan bikin fitilu. Biki ya wuce, ya ce ai sanyi ya shigo, ba kyau mai asma ta fara da sanyi.

Mangal, abokiyar aikinta da ke share ɓangaren lilon yara, wadda ke ce mata Hira-tai, wato yaya Hira, ba ta raga mata. "Hira-tai, yau ma kin kai wa tsohon nan kwakwa? Da ni kika ba, da na yi mana miya. Shekara goma kina yi wa gindin mutane kallo daga bayan bishiya, wai karatu kike."

"Ke dai ki yi sharar ki."

"Ina yi. Ni dai ban taɓa roƙon a bar ni in zauna kusa da mai amai ba."

A shekara ta goma sha ɗaya ne ƙungiyar masu yogan ta shirya bikin cika shekara ashirin. Aka kafa rumfa, aka rataya furanni ruwan goro, aka gayyato kansilan unguwa ya zama babban baƙo. Guruji ya yi shelar zai nuna abin da ba ya nunawa sai shekara-shekara, wato haɗiyar ƙyalle. Siririn farin ƙyalle ne mai faɗin yatsu huɗu da tsawon kamu goma sha biyar, a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a haɗiye shi kaɗan-kaɗan har sai taki ɗaya ya rage a waje, a murza ciki, sannan a zaro shi ya fito da dattin tumbi. Hirabai ta ga an yi sau goma daga bayan tsamiya, kuma da yake a irin ranar nan Guruji da lasifika yake magana, ta ji ƙa'idar da yake nanatawa duk shekara: kada ƙyalle ya wuce minti goma sha biyar a ciki, don in ya wuce, hanji zai fara jansa.

Aka ce kansila ya taso, yana kan hanya. Guruji ya ga gara ya fara haɗiya yanzu, don baƙo ya iso daidai lokacin zarowa, wurin da aka fi tafawa. Ya zauna a kan tabarmarsa ta roba mai ruwan toka, ya naɗe ƙafafu, ya soma tauna bakin ƙyallen yana turawa, idanunsa suna kawo ruwa, 'yan ajin suna ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ya haɗiye har ya rage taki ɗaya yana reto a kan gemunsa.

Kansila bai zo ba. Minti goma ya wuce, aka buga waya aka ce ga shi nan a kwanar kasuwa. Minti ashirin, aka ce ya tsaya gaisuwa a wani gida. Wani tsohon injiniya ya matso ya nuna wa Guruji agogo, Guruji ya ɗaga tafi alamar a dakata, ya ƙara miƙe baya. Hirabai tana tsaye da tsintsiya a bakin rumfa tana kallon wannan taurin kai, ranta yana ɓaci. Mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa jama'a su saki girman kai, ga shi zaune da tsumma a baki yana jiran tafin kansila.

Sai da aka haura rabin awa ya haƙura ya kama ƙyallen ya ja. Kamu ɗaya ya fito, ya tsaya. Ya sake ja da ƙarfi, maƙogwaronsa ya tsuke, ya hau kakari. Dalala ta zubo ta wanke gemun da ƙirjinsa da tabarmar, ƙyallen ya yi santsi yana suɓuce wa yatsunsa. Fuskarsa ta yi duhu, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya kife a kan gwiwoyi yana dukan ƙasa da hannu ɗaya.

Almajiransa talatin da 'yan kai suka kewaye shi, kowa da shawararsa.

"A kira mota."

"Guruji, ku saki jiki, ku saki jiki."

"Wani ya ja masa mana."

Wanin nan shi ne bai fito ba. Phadke Kaku ta miƙa hannu har ya kusa, ta ga yadda yawu ke ɗiga daga bakin ƙyallen, ta janye ta ɓoye hannun a cikin sari. Injiniyan ya zaro hankici ya naɗe yatsu biyu, ya taɓa, ya saki, ya tsaya yana neman inda zai yar da hankicin. Duk suna ƙaunar tsohon nan, wasu har kuka suke, amma ƙyallen ushta ne, kuma hannuwansu sun ƙi zuwa.

Hirabai ta jingine tsintsiya ta ratsa su. Ba sai ta ce a ba ta hanya ba, da suka ga ita ce suka dare da kansu don kada sarinta ya goge su. Ta durƙusa a kan tabarmar Guruji, cikin dalalar, ta riƙe kafaɗarsa da hannun hagu, ta naɗe bakin ƙyallen a tafin damanta. Ɗumi ne da shi da yauƙi, wari mai tsami ya bugi hancinta.

"Guruji, daina ja. Ta hanci. Ka ji ni? Ta hanci za ka ja iska."

Ya zaro mata jajayen idanu.

"Ni ma haka nake yi in ƙirjina ya rufe. Ja. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saki a hankali. Kaku, ruwan ɗumin nan."

Phadke Kaku ta kawo kofin ƙarfe, ta ajiye a ƙasa kusa da gwiwar Hirabai, ko a wannan halin ba ta miƙa mata hannu da hannu ba. Hirabai ta ɗauka ta kafa masa a leɓe.

"Kurɓa. Haɗiye ƙyallen ya ɗan koma. Kai ka ce in ya maƙale a mayar da shi kaɗan, na ji ka bara da bara waccan."

Ya kurɓa, ya haɗiya, ta ji ƙyallen ya ja yatsunta ciki sannan ya saki. Ta sunkuyar da shi gaba, ta fara zarowa, ɗan taki ɗaya in ya saki numfashi, ta tsaya in ya ja. Tana ƙirga masa da murya, tana ƙirga wa kanta, don ita ma ƙirjinta ya fara toshewa. Ƙyallen yana fitowa rawaya-rawaya, da kumfa da kaki da ɗan jini, tana tara shi a tafinta yana zuba ta tsakanin yatsu har gwiwar hannu. Ta kwashe kashin karnuka da mushen ɓeraye a lambun nan, amma ba ta taɓa jin ƙyanƙyami irin na wannan safiya ba. A haka har ƙarshen ya fito, tsohon ya zube yana haki kamar ragon da aka kwance.

Sai aka ɓarke da tafi. Ana cikin tafin motar kansila ta tsaya a ƙofa.

Guruji ya ɗago. Ya dubi kafaɗarsa inda ta riƙe, ya dubi kofin, ya dubi gwiwoyinta a kan tabarmarsa. Fuskarta ce kaɗai bai duba ba. Da murya a dishe ya ce, "Ku kai ni famfo."

Mutum biyu suka raka shi, ba su taɓa shi ba. Hirabai tana durƙushe da tulin ƙyalle a hannu ta hango shi ya tsuguna a ƙarƙashin famfon lambu, ruwa yana zuba a kansa da tufafinsa duka, yana motsa baki yana cuɗa kafaɗar nan da ta riƙe. Ba dalalar gemunsa ya fara wankewa ba. A bayanta kuma ta ji injiniya yana gaya wa kansila cewa an ɗan samu tangarɗa, amma Guruji ya warware ta da ƙarfin numfashi, abin sai wanda ya gani. Phadke Kaku ta ture kofin ƙarfen da ɗan yatsan ƙafa zuwa wajen baron shara.

"Maushi, ki ɗauka, na bar miki. Sabo ne fa."

Hirabai ta wanke hannu da sabulu a famfon bayan gida, ta sake da toka, da ta koma gida ta goga lemon tsami. Da ta zauna cin abinci ta kai loma baki, warin ya riga lomar isa. Ta ture kwanon.

Duk da haka, don ɗan Adam ba ya jin magana, washegari ta zo tana sa rai. Ta saka sarinta mai kyau a ƙarƙashin rigar aiki. Mangal ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Yau kam sai gaban sahu, Hira-tai. Kin zaro wa malam rai daga tumbi."

Da aka jeru, Guruji ya aiko a kira ta. Yana zaune a kan sabuwar tabarma shuɗiya, ya naɗe wuya da mayafi. Ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Maushi ta daɗe tana neman ilimi, kuma jiya ta nuna zuciyar hidima. Na sha faɗa muku yoga ta kowa ce. Daga yau tana da wuri. Ga shi can, har da tabarma na ba ta, tawa ta kaina."

Aka yi 'yar tafi. Hirabai ta bi yatsansa da kallo. Can bayan sahu na ƙarshe, taku goma sha daga mutum na kusa, a ɗaya gefen furen wardi inda ake aman Lahadi, an shimfiɗa tabarmar roba mai ruwan toka. Ta taka ta je ta tsaya a kanta. Ita ce ta jiya. Ba wanda ya wanke ta. Dalalar ta bushe ta yi fari-fari, ga tabon rawaya inda ƙyallen ya ɗiga, ƙudaje biyu suna kai. Ta gane ba kyauta aka yi mata ba. Tabarmar ta ɓaci da yawunsa, ta ƙara ɓaci da gwiwoyinta, ba mai iya ɗagawa ya kai bola, shi ne aka haɗa mata aikin da sunan karramawa.

Ta tsaya ta saurara. Daga nan ana jin muryarsa sarai, ya fara ƙirga musu, kuma ƙirgar ita ce dai wadda ta yi masa jiya. Shekara goma tana son jin wannan murya kusa, yau ta ji, kuma abin da ya taso mata tashin zuciya ne.

Ta koma ta ɗauko tsintsiya da baro. Ba ta sa hannu ba, da bakin tsintsiya ta naɗe tabarmar ta cusa ta cikin baro, a kan busassun furannin biki da kofin ƙarfen Phadke Kaku. Ƙirgar ta tsaya, kawuna talatin suka juyo.

"Maushi, me kike yi?" in ji Guruji.

"Shara nake, Guruji. Ushta ce, kada wani ya taka."

Ta tura baron ta gaban sahu na farko, tayarsa tana ƙara. Mangal tana jiranta a gindin tsamiya.

Hirabai ta shimfiɗa buhunta, wannan karon ta juya wa ciyawar baya ta fuskanci katanga. Ta naɗe ƙafafu, ta miƙe baya, ta ɗaga hannun dama za ta toshe hanci kamar yadda ƙa'ida ta ce. Yatsan yana isa hancinta warin tumbin Guruji ya sake bugunta, bayan sabulu da toka da lemon tsami. Ta sauke shi a kan gwiwa ta ɗago na hagu.

"Hira-tai," in ji Mangal a hankali, "da hagu? Hannun da ake tsarki da shi?"

"Shi ya fi tsabta," in ji Hirabai. Ta toshe hancinta ta ja iska.